Tseren Dakar: ta wace ƙofa ake shiga aikin shirya shi?

Duk wanda ya zauna Agadas a shekarun 1980 yana tune da makon da ayarin Paris-Dakar ke sauka garin. Masu gidaje su ba da haya, makanikai su kwana ƙarƙashin mota, maƙeran azurfa su sayar da kayan da suka yi watanni suna tarawa. Bayan kwana biyu ƙura ta lafa, kowa ya koma harkarsa. Abin da jama'a ba su gani ba shi ne aikin da aka share shekara ana yi kafin mota ta farko ta iso. Matashin da ke da takardar makaranta, yake kuma sha'awar a ɗauke shi cikin masu shirya irin wannan gasa, wancan aikin na ɓoye ya kamata ya fara fahimta.

Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, shi ya ƙirƙiro tseren bayan ya ɓace da babur ɗinsa cikin hamada a 1977, a gasar Abijan zuwa Nis. Ayarin farko ya tashi daga Paris ran 26 ga Disamba 1978 da motoci da babura 182, ya ratsa Aljeriya, Nijar, Mali da Haute-Volta. 74 kaɗai suka ga Dakar. Sabine ya rasu ran 14 ga Janairu 1986 a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali. A yau kamfanin Amaury Sport Organisation, wato ASO, wanda kuma ke shirya tseren kekuna na Tour de France, shi ke riƙe da gasar.

Shirin yakan fara ne da binciken hanya. Watanni kafin ranar tashi, ƙaramin ayari ke fita ya bi hanyar kilomita bayan kilomita, yana rubuta kowane rami, kowane tudun rairayi, kowane wurin da za a karkata. Daga nan ake haɗa littafin hanya da ƴan tsere ke bi, wanda yanzu a allon na'ura ake ba su shi dab da tashi. Sai zango: gari guda ne na mutane dubbai da ake kafawa da yamma, a kwashe da safe, da abincinsa, da ruwansa, da wutarsa, da asibitinsa. Dole asansi da gazuwal su riga ayari isa wurin. Akwai masu takardun duwan, masu neman izinin hukuma, masu ɗaukar lokaci, masu kula da ƴan jarida. Ɗan kasuwar da ya taɓa tura kamiyo daga Damagaram zuwa Dirku ya san ma'anar mota guda ta makara da kwana ɗaya. A tsere, wannan jinkirin yana iya tsayar da gasar baki ɗaya. Saboda haka masu shiri ba sa ba baƙo amanar irin wannan aiki. Sun fi son wanda aka riga aka gwada, kamar yadda ayarin gishirin Bilma ba ya bin madugun da ba a san tafiyarsa ba.

Tarihin Mano Dayak ya isa misali. Masana hamada suna da yawa a Ayar, amma shi yana da kamfanin yawon buɗe ido, Temet Voyages, da motoci, da ƴan jagora, da buro inda za a iya rattaba hannu a takarda. Da wannan ya zama abokin aikin Sabine a Nijar. Wanda ya tsaya bakin hanya ya sami cinikin yini guda. Kwangila kuwa ta tafi ga wanda ya tsara kansa. Dayak ya rasu a haɗarin jirgi cikin Disamba 1995, filin jirgin saman Agadas kuma sunansa yake ɗauke da shi.

A 1997 an yi tseren daga Dakar zuwa Agadas a koma. A 2000, saboda barazanar hari, ayarin ya tsaya a Yamai, aka kwashe shi cikin manyan jiragen Antonov zuwa Libiya, kuma tun daga nan bai sake taka Nijar ba. An soke gasar 2008 bayan kisan Faransawa huɗu a Muritaniya. Ta koma Kudancin Amurka daga 2009 zuwa 2019, sannan Saudiyya tun 2020. Sunan Dakar kawai ya rage.

Ga mai neman aiki a yau, ƙofofin ba su da yawa. Ma'aikatan dindindin na ASO kaɗan ne idan aka kwatanta da girman gasar, a Faransa suke, kuma hanyar da matasa suka fi bi ita ce aikin koyo bayan karatun sufuri ko na tafiyar da wasanni. Mafi yawan hannuwan da ke zango na ƴan kwangila ne: kamfanonin abinci, na sufuri, na likitoci, na sadarwa. Nan ne ya fi dacewa a kai takarda, kuma tun da bazara, domin gasar a Janairu ake yin ta. Faransanci jari ne, tun da shi ne harshen masu shiri, amma a Saudiyya ana buƙatar Ingilishi, Larabci kuma ƙari ne babba. Kada a manta cewa manufar ƙasar ita ce fifita ƴaƴanta a guraben aiki.

Wanda bai taɓa shirya komai ba, zai fi masa ya fara a gida. Gasar kokawar gargajiya ta neman takobi, ko bikin Cure Salée na Ingal, suna koyar da masauki, abinci, tsaro da lissafin kuɗi, abubuwan da ake tambaya a kowace hira. Akwai kuma Africa Eco Race, da ke bi ta Maroko da Muritaniya zuwa Senegal bisa tsohuwar hanya, ƙarama ce, kuma ta fi kusa.

Sai batun dillalai. Sunan Saudiyya yana da kwarjini a kasuwannin Maraɗi da Tawa, kuma masu sayar da alkawarin biza ba su taɓa ƙaranci ba. Kamfanin kirki ba ya karɓar kuɗi kafin ya ɗauki mutum aiki, bizar Umra kuma ba ta ba da izinin aiki. Kafin uba ya sayar da gona ko fili, ya nemi ganin kwangila a rubuce, da sunan kamfanin, da adadin kwanakin aiki, da wanda zai biya kuɗin jirgin komowa, domin gasar kanta mako biyu ce.