Kyamara Mai Zugazugi: Yadda Ake Gane Darajarta

A gidaje da dama na Kongo, Tudun Wada da cikin birnin Zariya, akan tarar da wata tsohuwar kyamara a ƙasan akwatin kaka, wadda idan an danna maɓallinta sai gabanta ya buɗe, wata jakar fata mai kama da zugazugin maƙera ta miƙe. Sau da yawa irin wannan kaya yakan ƙare a hannun 'yan gwangwan, alhali masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka suna nemansa.

Hikimar zugazugin a fili take. Domin hoto ya fito tangaran, dole a sami tazara tsakanin gilashin kyamara da fim, kimanin santimita 10.5 ga hoto mai girman 6 da 9. Jakar fatar ita ke samar da wannan tazara, ta tsare haske daga kutsawa, sannan ta naɗe har kyamarar ta shiga aljihu. Kamfanin Kodak ya fito da samfurin Vest Pocket a 1912, Zeiss Ikon na Jamus kuma ya kawo Ikonta a 1929.

To, amma tsufa kaɗai ba ya sa tsada. An sayar da Vest Pocket sama da miliyan ɗaya, saboda haka ba ta da wuyar samu. Abubuwa huɗu masana ke dubawa. Na farko gilashi: wanda aka rubuta wa Tessar, ƙirar Paul Rudolph ta 1902, ya fi gama-gari daraja. Na biyu ƙyauren haske, wato abin da ke buɗewa ya rufe lokacin ɗauka; a saita shi a daƙiƙa ɗaya a saurara, in ya yi nauyi, man cikinsa ya daskare. Na uku zugazugin: a shiga ɗaki mai duhu, a haska tocila a cikinsa, duk hujin da ke jiki zai bayyana. Na huɗu fim: samfurin 120, wanda aka fara a 1901, ana yin sa har yau, amma Kodak ya daina yin 620 a 1995.

Yanayin ƙasarmu shi ne babban maƙiyin wannan kaya. Hunturu yakan busar da fata ta tsattsage, laimar damina kuwa takan haifar da funfuna mai cin fuskar gilashi. A ajiye kyamara inda iska ke ratsawa, a waje da jakarta ta fata.

Ya ku ɗalibai, in kun sami irinta, kada ku buɗe bayanta da rana, domin watakila akwai fim a ciki da ba a wanke ba. Masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, an sauya masa fasali a shekarun 1970, kuma tsofaffin hotuna na cikin shaidun yadda yake a da. Ku kai wa malaminku ya duba kafin ku yi ciniki da kowa. Da tsohuwar zuma ake magani.