Karatun motsin jiki: a san hanya kafin a cike fom ɗin JAMB

A Kura da Bunkure, lokacin dashen shinkafa, leburori kan wuni a duƙe, ƙafa cikin taɓo, hannu ɗaya riƙe da iri, ɗayan yana cusawa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya malalo zuwa filayen Kadawa, rani ya daina zama lokacin hutu a yankin nan. Amfanin gona ya ƙaru, amma baya da gwiwa ne ke biyan kuɗin. Maganin da aka fi gudu wajensa kuwa ƙwayar kemis ce, har da tramadol da ta jefa matasa cikin shaye-shaye.

Akwai fannin ilimi sukutum da ke nazarin yadda tsoka da gaɓɓai ke aiki. Masaninsa zai kalli mai ɗaga kwandon tumatir da miƙaƙƙun ƙafafu yana murɗa ƙugu, ya gaya masa inda ciwon zai ɓullo, ya nuna masa yadda zai lanƙwasa gwiwa ya manna kwandon da jikinsa. Abin takaici, iyaye da dama na yi masa kallon karatun 'yan ƙwallo.

Ga inda ɗalibai ke yin tuntuɓe: hanyoyin shiga wannan fanni biyu ne. Ta farko tana tsangayar ilimi, kamar a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ake haɗa motsa jiki da ilimin kiwon lafiya. Digirin shekara huɗu ne, kuma yana fitar da malaman makaranta, masu horar da 'yan wasa da masu wayar da kai kan lafiya. Kwalejojin ilimi ma suna ba da NCE a kansa.

Ta biyu ita ce ta likitan gashin ƙashi, mai kula da wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko karaya, ko ciwon baya mai naci. Wannan sai ɗalibin kimiyya mai ƙarfi a bayoloji, kemistiri da fiziks. Karatun ya fi tsawo, akwai horon shekara guda a asibiti irin na Malam Aminu Kano ko asibitin ƙashi na Dala, sannan sai hukumar MRTB mai kula da wannan sana'a ta yi wa mutum rajista. Takardar hanya ta farko ba ta ba kowa izinin buɗe wurin gashi, komai iya bakinsa.

Manomi ma ya kiyaye. In ciwon baya ya zo da mutuwar ƙafa, ko rashin iya riƙe fitsari, ko zazzaɓi da rama, kada a tsaya wajen mai tausa ko mai ɗori, a nufi asibiti a ranar.