Ƙofar fada ta rufe, ta asibiti ta buɗe

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya daga Garu ko cikin Illela, ya tsallaka iyaka ya ratsa Birnin Konni ya nausa gabas, ya san ba albasa kaɗai ta fito da sunan Galmi ba. Tun 1950 asibitin mishan na SIM yake can, Musulmi da Kirista suna bin layi ɗaya don ganin likita. Sai dai magabatan wannan aiki ba asibiti suka ƙudurta ba sa'ad da suka baro gida.

A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kai bishara ƙasar Hausa. A shekarar da ta biyo Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, Bingham ya koma gida hannu rabbana. A 1900 Bishop Tugwell na mishan ɗin CMS ya ja ayari har Kano, cikinsu da Likita Walter Miller, wanda ya je Tarabulus takanas ya koyi Hausa. Zatonsu in fada ta saurara, gari zai biyo. Sarki Alu ya ba su kwana uku su fice. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, aka taƙaita wa masu bishara shiga biranen.

Ƙofar da ta buɗe daga baya ba mai rububinta. A ƙarshen shekarun 1930 aka damƙa wa SIM kula da sansanonin masu cutar kuturta: Amanawa kusa da Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, Yadakunya a Kano. Masu burin muhawara da malaman birni sai ga su suna wanke gyambo, suna yin allura, a zamanin da ba a samu magani mai warkarwa sosai ba. Aikin bai rasa ƙorafi ba, don akwai iyayen da ba su ji daɗin sauyin addinin 'ya'yansu ba, kuma bai kamata Kirista ya ɓoye wannan ba. Amma daga waɗannan sansanoni aka samu Hausawa Kirista da dama, wasu suka zama malaman asibiti, wasu masu wa'azi.

Kalmar da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya zaɓa wa mabiyan Yesu tana burge ni: almajirai. Bahaushe ya san almajiri. Ba shi ke zaɓar garin da malam zai yada zango ba, nasa ɗaukar allo da buzu. 'Ya'yan Zabadi, Yakubu da Yohanna, sun roƙi kujerun dama da hagu, Ubangijinsu ya amsa musu da zancen wahala da hidima. Bulus ya so shiga Bitiniya aka hana shi, ya ƙare a Makidoniya. Yau kuwa nakan ji matashin da ya gama makarantar tauhidi yana addu'ar a tura shi Abuja, in takarda ta nuna ƙauyen bakin iyaka ya ce an yi masa bita da ƙulli. Ban raina damuwarsa ba, albashi kaɗan ne, tsaro ma ya taɓarɓare a gabashin Sakkwato. Abin da nake tsoro shi ne ya riƙa kiran burinsa da sunan kiran Allah.

Shi kansa Miller bai samu yadda ya so ba. Ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, amma a 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, bayan ganuwa. Hausar da ya koya don yi wa sarki magana ta shige cikin aikin fassara, a 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito. Da wannan littafin aka yi ta koya wa majinyatan Amanawa karatu.