Kalmar "Emerge" ta Turanci: Asalinta, Ma'anarta da Matsalar Fassara ta da Hausa

Manufar wannan 'yar takarda ita ce a bi diddigin kalmar emerge, wadda Turawa kan yi amfani da ita in abu ya fito fili har ido ya gan shi, sa'an nan a duba wace kalmar Hausa ce ta fi dacewa da ita. Abin da ya jawo wannan nazari shi ne yadda ɗalibanmu na fassara suke kwashe emerge da appear gaba ɗaya su zuba cikin "bayyana", kamar dai Hausa ba ta da wata kalma sai ita.

Emerge ta shiga Turanci ne a ƙarni na 16, tushenta kuwa Latin ne, watau emergere. Gaɓar farko, e, tana nufin fita daga cikin wani abu, mergere kuma ita ce tsomawa ko nitsarwa a ruwa. Ashe ke nan ma'anarta ta asali ita ce tasowar abin da ya nitse. Daga nan ne emergency ta samu a ƙarni na 17, wato lamarin da ya taso ba zato, wanda mu muke kira gaggawa ko ta-ɓaci. Ita appear ta riga ta shiga, ta hanyar Faransanci, kuma tushenta bai ɗauke da batun ruwa ko ɓoyo ba, ganuwa kawai take nufi.

Ba sai mun je Ingila neman misalin wannan ma'ana ta asali ba, ga shi nan Kalambaina. Farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti, wanda saboda shi aka kafa Kamfanin Siminti na Arewa a 1962, har ya fara aiki a 1967, a ƙarƙashin teku ya taru. Masana ilmin duwatsu sun nuna cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce wani teku marar zurfi ya malale wannan yanki, shi ya sa har yau masu fasa dutsen suke tsintar ɓawon halittun ruwa masu kama da katantanwa a cikinsa. Da ruwan ya janye, ƙasar ta fito sarari. In Bature ya ce wannan ƙasa ta yi emerge, to, ya maida kalmar gidan ubanta ne.

Yanzu sai mu juyo ga "bayyana". Aro ce daga Larabci, 'yar gida ɗaya da "bayani" da baina, ma'ana tsakani. Jigonta shi ne rarrabe abu da abu har ya zama babu duhu a cikinsa, kamar yadda muke gani a sunan littafin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1806, Bayan Wujub al-Hijra. Kalma ce ta hujja da fahimta. Gaskiya takan bayyana, asiri ma haka. Amma in aka ce dorina ta bayyana a gulbin Rima, kunnen Bahaushe ba ya gamsuwa sosai, sai ya ji kamar wa'azi za a yi.

A ganina "ɓullo" ce ta fi kusa. Ta ƙunshi abu biyu da emerge take ɗauke da su: abin yana ɓoye a da, kuma ya keto abin da ya rufe shi. Har ma ta fi ta Turancin da abu guda. Wasalin -o na ƙarshe, wanda F. W. Parsons ya sa a aji na 6 cikin tsarinsa na aikatau na 1960, yana nuna aikin ya nufo wajen mai magana. Tsiro ya ɓullo, cuta ta ɓullo, mahayi ya ɓullo daga bayan tudu. "Fito", ko "hito" a bakin Basakkwace, tana da wannan wasali, sai dai ba ta da ba-zata. Mai gida ma kullum yakan fito.

Akwai kuma inda duk ukun ba su shiga. Ranar da Sarkin Musulmi ya ba da sanarwar ganin jinjirin watan azumi, Bature zai ce appear, mai fassarar da ya san aikinsa kuwa zai rubuta cewa wata ya tsaya.