Tanadin Ma'aikatan Jinya a Arewacin Nijeriya

Jinya a Hausa ita ce ɗawainiya da marar lafiya har ya sami sauƙi. Sai dai "mai jinya" tana da harshen damo, domin akan kira marar lafiyar da ita, akan kuma kira mai kula da shi. Wannan ya sa ake amfani da "ma'aikacin jinya", ko kalmar aro "nas", ga wanda ya karanci aikin a makaranta, hukuma kuma ta ba shi lasisin yin sa.

Tanadin irin waɗannan ma'aikata abu ne mai cin lokaci. Karatun jinya yakan ɗauki shekara 3 bayan sakandare, digirinsa a jami'a kuwa shekara 5. Nas ɗin da ke son ƙarawa da ungozomanci sai ta sake yin wata 18. Ke nan yarinyar da ta shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare bana, ba za ta kama aiki a asibiti ba sai bayan shekara 9, in ba ta yi tuntuɓe ba. Gwamnati tana iya gina asibiti cikin shekara guda, amma ba ta iya samar da nas cikin wannan wa'adi, kome kuɗinta.

Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozomanci ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, ita ke tantance makarantu, ta kuma ƙayyade wa kowace yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta. Don haka ƙarancin malamai masu koyar da jinya yakan taƙaita yawan nas-nas tun daga tushe.

Abin lura a nan shi ne, matsalar Arewa ba ta tsaya ga adadi ba. A karkara, mata da dama ba sa sakin jiki da ma'aikaci namiji, musamman a sha'anin ciki da haihuwa, kuma wasu mazaje ba sa amincewa. Wadda aka turo daga nesa kuwa, in ba ta jin harshen mutanen, ba lallai ta fahimci mace mai kunyar ambaton ciwonta kai tsaye ba, kuma ba kasafai takan daɗe ba. 'Yar gari ita ta fi dacewa, to amma ita ce ta fi wuyar samu. Sharaɗin shiga makarantar jinya shi ne kiredit biyar, wato a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji, alhali sakandaren ƙauye sau da yawa ba ta da malamin Fiziks, balle ɗakin gwaje-gwaje. A nan ne, a cikin aji, ake asarar nas-nas ɗin gobe, tun kafin ma'aikatar lafiya ta san da zamansu.

Wannan giɓi ne wani shiri na horar da mata ma'aikatan lafiya ya yi ƙoƙarin cikewa daga 2012 zuwa 2020, da tallafin gwamnatin Birtaniya, a jihohin Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, daga baya aka haɗa da Borno. Al'umma ke zaɓen yarinyar, a ba ta karatun share fage don ta cike darussan da suka gagare ta, bisa alkawarin za ta koma gida ta yi aiki. An kuma tanadi wurin renon yara domin matan aure, abin da ake ganin ƙarami ne, alhali shi ke raba wata da karatu.

Bayan horarwa sai riƙewa. A 2009 Gwamnatin Tarayya ta ɓullo da shirin tura ungozomomi karkara, har da waɗanda suka yi ritaya, aka raba nauyin biyansu da masaukinsu tsakanin matakan gwamnati uku. Inda jiha ko ƙaramar hukuma ta gaza sauke nata nauyin, da yawansu sun tattara sun bar wurin. Ga kuma masu ficewa zuwa Ingila da Amurka da Saudiyya. A 2024 hukumar jinya ta gindaya sharaɗin yin aikin shekara 2 kafin ta tantance takardun mai son fita waje. Ma'aikatan sun yi zanga-zanga a Abuja da Legas, suna masu cewa albashi da yanayin aiki ya kamata a fara dubawa.