Kuskuren Rubutu Kan Cinye Ribar Fatake A Kasuwannin Kudu

A kowace rana ta Allah manyan motoci kan sauke tumatir da albasa da barkono a kasuwar Mil 12 da ke Legas, a sauke shanu a Agege da Lokpanta ta Jihar Abiya, a kuma ɗauki goro daga Shagamu zuwa Arewa. Galibin wannan ciniki bisa amana yake tafiya, domin mai kaya yana Kano ko Sakkwato, dillali yana Kudu, kuɗi kuwa ba su shiga hannu sai bayan kwanaki. Abin da ke haɗa su shi ne 'yar takarda, ko rasit, ko saƙon waya. Idan rubutun ya fita sarai, ciniki ya tafi lami lafiya. Idan kuwa ya zo da harshen damo, sai a wayi gari ana gaban sarkin kasuwa ko alƙali.

Cinikin amana ba baƙon abu ba ne ga Hausawa mazauna Kudu. An kafa unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916, kuma masani Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969 yadda fataucin shanu a can ya dogara da bashi, maigida yana tsaya wa mahauta a wurin baƙonsa mai shanu. A wancan zamani baki da shaidu sun isa. Yanzu kuwa lissafi ya koma rubuce, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, wanda ya tilasta wa 'yan kasuwa da yawa tura kuɗi ta banki da aika bayani ta waya.

Matsala ta farko ita ce ta raba kalmomi. Wanda ya rubuta wa yaronsa "bashi naira 200,000" yana nufin a miƙa wa wani kuɗin, alhali abin da ya rubuta shi ne ana bin wani wannan adadi. Daidai shi ne "ba shi", kalmomi biyu. Haka zalika, watsi da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, yakan jawo ruɗani. Jimlar "ya bata kudin" tana iya zama "ya ba ta kuɗin", tana kuma iya zama "ya ɓata kuɗin". Ta farko shaidar biya ce, ta biyu kuwa zargi ne da zai iya raba abokan ciniki na shekaru.

Waɗannan ƙa'idoji sun daɗe da zama. Hans Vischer, wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubutun boko a 1912, aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, sannan tarurrukan Bamako na 1966 da Yamai na 1980 suka ƙara daidaita su. Wayoyin hannu na yanzu ma suna da allon rubutu na Hausa, saboda haka uzurin rashin haruffa ya kau.

Matsala ta biyu daga nahawu take. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka "ya biya ranar Litinin" tana iya nufin biya ya auku, ko kuma umarni ne a biya. Maganin wannan shi ne ƙara kalma guda: "ya riga ya biya", ko "zai biya", ko "lallai ne ya biya". Har ila yau akwai wakilin suna. Idan aka rubuta "Alhaji ya ce wa direba ya ba yaronsa kuɗin", ba a san ko yaron Alhaji ake nufi ba, ko yaron mota. A takardar ciniki maimaita suna ba aibi ba ne.

Ta uku, wadda ta fi kowace haɗari, ita ce ta adadi. "Dubu ɗari da hamsin" tana iya zama naira 150,000 ko naira 100,050. Ya kamata a rubuta "dubu ɗari da dubu hamsin", a kuma biyo da alƙaluma. A dokar da ta shafi cek a Nijeriya, idan kalmomi da alƙaluma suka saɓa, kalmomin ake bi, wanda ke nuna irin nauyin da ke kansu. Tsofaffin sunayen kuɗi ma suna bukatar hattara. Jaka a da fam 100 ce, ta koma naira 200 bayan canjin kuɗi na 1973, amma a Jamhuriyar Nijar, inda shanu da yawa ke fitowa, jika sefa 1,000 ce.

Haka abin yake ga ma'auni. Mudun wani gari ba shi ne na wani ba, kuma kongo na Ibadan da derika ta Legas kowane da girmansa. Kwandon tumatir akwai babba akwai ƙarami, buhun shinkafa akwai mai kilo 50 akwai mai 25. Tun 1974 doka ta ɗora ƙasar nan bisa kilo da lita, don haka ambaton su a rasit yana kashe gardama tun ba ta taso ba.

Bugu da ƙari, Hausa tana da kalmomin ciniki da kowace ke da gurbinta. Aro shi ne abin da za a mayar da shi kansa, kamar sikeli ko amalanke. Rance kuɗi ne ko hatsi da za a mayar da madadinsu. Jingina kaya ne da aka ajiye a bakin bashi, kafin alƙalami kuwa somin biya ne, la'ada kuma rabon dillali. Wanda ya karɓi kafin alƙalami ya rubuta "na karɓi kuɗin kaya" ya buɗe ƙofar da mai saye zai ce ya gama biya.

Lokacin biya shi ma a fayyace shi. "Bayan Salla" ba rana ba ce, tunda Salla biyu ce a shekara, "in kasuwa ta yi kyau" kuwa ba ta da iyaka. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni da a rubuta bashi tare da ajalinsa, a kuma kafa shaidu. Dokokin kare waɗanda ba su iya karatu ba, da ke aiki a jihohi da dama, sun wajabta wa mai rubuta takarda a madadin wani ya sa sunansa da adireshinsa, alamar cewa an karanta wa mai ita kafin ya sa hannu ko ya dangwala.

Saboda haka, kafin takarda ko saƙo ya bar hannun ɗan kasuwa, ya dace ya duba abubuwa biyar: sunan mai bayarwa da mai karɓa, irin kayan da ma'auninsu, adadin kuɗi da kalmomi da alƙaluma, abin da aka biya da abin da ya saura, da kuma ranar cika alkawari. In abokin cinikin Bayarabe ne ko Ibo, a yi takardar da harsuna biyu, a karanta wa kowa tasa a gaban shaidu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi.