Zubi da Tsarin Labari Cikin Fim ɗin Spider-Man na 2018

1. Gabatarwa

Sau da yawa a kan ji masu nazarin adabi suna kushe labari da cewa tun daga farkonsa an san ƙarshensa. Wannan zargi ya fi faɗa wa labarun jarumai masu ƙarfin ban mamaki waɗanda a ke yi a Amurka, gama kusan dukansu turba ɗaya su ke bi: yaro ya sami baiwa, ya yi babban rashi, sa'an nan ya tashi kare jama'a. Nufin wannan takarda shi ne ta nuna cewa sananniyar turba ba aibi ba ce in mai labari ya san abin da zai yi da ita. Misalin da aka ɗauka shi ne fim ɗin zane mai motsi da a ke kira Spider-Man: Into the Spider-Verse, wanda kamfanin Sony ya fitar cikin watan Disamba na 2018. Bob Persichetti da Peter Ramsey da Rodney Rothman su ne suka ba da umurni, Phil Lord da shi Rothman suka rubuta. Tsawonsa minti 117 ne, ya kuwa ci kyautar Oscar ta finafinan zane a 2019.

Shi Spider-Man, watau mutum mai baiwar gizo-gizo, tsohon tauraro ne. Stan Lee da Steve Ditko suka ƙago shi a 1962 cikin mujallar labarun zane, da sunan Peter Parker. Miles Morales kuwa, wanda shi ne tauraron wannan fim, sai a 2011 Brian Michael Bendis da Sara Pichelli suka fito da shi. Ke nan sa'ad da fim ɗin ya fito, 'yan kallo sun yi shekara 56 suna jin asalin Spider-Man, har sun haddace shi. Wannan ita ce matsalar da ta fuskanci marubutan.

2. Labarin a taƙaice

Miles yaro ne mai tasowa a unguwar Brooklyn ta birnin New York. Ubansa Jefferson ɗan sanda ne, uwarsa Rio ma'aikaciyar jinya ce. An sa shi wata makarantar kwana ta masu hazaƙa, shi kuwa ba ya so, har ya faɗi jarrabawa da gangan don a kore shi. Wurin baffansa Aaron ya ke samun sakewa. Wata rana da dare suna zanen bango a wata tsohuwar hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai gizo-gizo ya cije shi, ya wayi gari hannunsa yana manne wa duk abin da ya taɓa.

A birnin akwai wani ƙasurgumin mai laifi, Wilson Fisk, wanda a ke yi wa laƙabi da Kingpin. Ya sa an ƙera wata ƙatuwar na'ura mai buɗe ƙofa tsakanin duniyoyi. Peter Parker ya je lalata ta, Fisk ya kashe shi a kan idon Miles, bayan ya danƙa wa yaron makullin da zai tsai da na'urar. Amma na'urar ta riga ta jawo waɗansu masu irin wannan baiwa su biyar daga duniyoyi dabam dabam. Jikinsu ba ya jure zama a duniyar da ba tasu ba, sabo da haka dole su koma gida, dole kuma wani ya tsaya baya ya rufe ƙofar. Duk baƙon da ya tsaya zai hallaka. Miles kaɗai ne ɗan gida, shi ne kuma kaɗai wanda bai iya kome ba tukuna. A nan ƙullin labarin ya ke.

3. Gurbi da abin da ya cika shi

Masanin nan na Rasha, Vladimir Propp, ya nuna a 1928 cewa tatsuniyoyin ƙasarsa, duk da yawan taurarinsu, ayyuka 31 ne kawai su ke juyawa a cikinsu, kuma jerin ayyukan ba ya sakewa. Ɗalibin nahawu ba zai yi mamakin wannan ba. "Audu ya sayi doki" da "Binta ta sayi zane" jimloli biyu ne, amma ƙirarsu ɗaya ce: gurbin aikau, gurbin aikatau, gurbin karɓau. Kalmomin da a ke zubawa ciki ne su ke bambanta.

Abin da ya sa wannan fim ya cancanci nazari shi ne ya fito da ƙirarsa fili, ya maishe ta wani ɓangare na labarin. Duk sa'ad da wani jarumi ya shigo, sai a dakatar da labari, a nuno mujallar zanensa, ya gabatar da kansa da kusan kalmomi iri ɗaya. Gurabun gabatarwar huɗu ne: sunansa, yadda ya sami baiwa, yawan shekarun da ya yi yana aiki, da abin da ya same shi.

Da farkon fim Peter Parker ya cika gurabun yadda kowa ya saba ji: shekara goma, birni yana ƙaunarsa. Na biyu shi ne Peter B. Parker, takwaransa daga wata duniya, wanda ya yi shekara 22, ya binne gwaggonsa, aurensa ya mutu, ya yi tumbi, ya gaji. Ta uku ita ce Gwen Stacy, shekararta biyu, ta ceci ubanta amma ta kasa ceton babban abokinta, tun daga nan ta daina yin abokai. Sauran ukun tare suka ba da nasu, muryoyinsu suna hawa juna: wani daga 1933 wanda duniyarsa baƙi da fari ce kawai, da wata yarinya Peni daga shekarar 3145, da wani alade wanda asalinsa gizo-gizo ne, alade ne ya cije shi. A wannan na ƙarshe an musanya aikau da karɓau, kuma abin dariyar ba zai yiwu ba sai don ɗan kallo ya riga ya riƙe ƙirar a kansa.

Mai karatu ya lura da wanda aka tsallake. Jarumai shida sun ba da tarihinsu, tauraron fim kuwa bai ba da nasa ba, domin gurabunsa ba su cika ba. Yana da cizon gizo-gizo kawai. Duk tsakiyar fim ɗin aikin cika sauran gurabun ne, kuma sai a mintunan ƙarshe aka ba shi damar yin tasa gabatarwar, inda ya ce kwana biyu ke nan da ya fara.

4. Gurbin rashi

Gurbin da ya fi nauyi shi ne na rashi. Peter Parker na asali ya rasa baffansa Ben, kuma masu kallo sun san wani abu irin wannan yana jiran Miles. Marubutan ba su kauce wa gurbin ba, amma sun sake abin da suka zuba ciki. Aaron, wanda Miles ya ɗauka abin koyi, ashe shi ne Prowler, ɗan ina-da-kisan Fisk, wanda ya ke farautar yaron ba tare da ya san ko wane ne ba. Da ya kama shi bisa rufin gida, Miles ya yaye fuskarsa, Aaron ya ƙi kashe shi, sai Fisk ya harbe Aaron. Ben na tsohon labari mutumin kirki ne da aka zalunta. Aaron kuwa mai laifi ne da ya yi alheri ɗaya ya biya da ransa. Don haka baƙin cikin Miles ninki biyu ne, gama ya rasa mutumin, ya kuma rasa zaton da ya ke yi masa.

Nan da nan bayan wannan, sauran jaruman suka same shi a ɗakinsa na makaranta, kowa ya faɗi wanda ya rasa: wannan baffa, wannan uba, wannan aboki. Bisa ga tsohuwar ƙira, a nan ne ya kamata yaro ya miƙe ya zama jarumi. Fim ɗin ya ƙi yin haka. Peter B. ya gwada shi, ya ga bai shirya ba, ya ɗaure shi a kujera da zaren yana, ya ɗauke makulli, ya tafi da niyyar shi ne zai tsaya ya mutu. Abin da ya tashe shi shi ne muryar ubansa daga bayan ƙofa. Jefferson ya zo, bai san halin da ɗansa ya ke ciki ba, ya ce yana ganin wani haske a jikinsa, kuma duk abin da ya zaɓa ya yi da shi zai yi kyau. Watau marubutan sun ƙara wa ƙirar gurbi na biyar, gurbin mai rai da ya yarda da yaro.

Fisk ma yana da gurbin rashi. Matarsa Vanessa da ɗansa Richard sun gan shi yana neman kashe Spider-Man, suka gudu a mota, suka yi haɗari suka mutu. Na'urar ya gina ta ne don ya ɗauko makamantansu daga wata duniya. A faɗan ƙarshe sai ga su sun bayyana, suka sake ganinsa yana dukan wani Spider-Man, suka sake gudu. Ƙira ɗaya ce da ta jaruman, sai dai shi ya maimaita ta bai sake kome ba.

5. Maimaici a ƙananan al'amura

Wannan dabara ta gangaro har cikin ƙananan abubuwa, inda a kan nuna abu da farko ya lalace, daga baya a komo da shi ya yi amfani. Aaron ya koya wa Miles dafa kafaɗar yarinya in zai yi mata magana. Ya gwada wa Gwen, hannunsa ya manne a gashinta har sai da aka aske gefe ɗaya. A ƙarshe da wannan dafa kafaɗa ya zuba wa Fisk wutar lantarkin jikinsa. Da farko ya hau dogon bene zai yi tsalle, tsoro ya sauko da shi, ya zaɓi gajere, igiyar takalminsa ta harɗe shi, ya faɗo makulli ya karye. Bayan maganar ubansa ya hau bene mai tsawo ya saki jiki, masu zane kuwa suka juya hoton ƙasa a sama, har faɗuwarsa ta zama kamar tashi. Uban da ya tilasta masa ta lasifikar motar 'yan sanda ya furta ƙaunarsa a gaban 'yan makaranta, shi ne a bakin ƙofa ya ce ba sai ya amsa ba.

Har motsin zanen ya bi wannan tsari. Fim ya kan nuna hoto 24 cikin sakan ɗaya. A wurin da Peter B. ya ke koya wa Miles lilo cikin daji, an zana Miles da hoto 12 a sakan, malaminsa da 24, sabo da haka ido yana ganin yaron yana ɗingishi ko ba a faɗa ba.

6. Inda tsarin ya raunana

Ba a rasa inda ƙirar ta yi wa labarin nauyi. Jarumai uku na ƙarshe sun shigo a makare, ba su da wani aiki mai yawa bayan ba da dariya da tabbatar da cewa ƙirar tana maimaituwa. Rio kuma, ko da ya ke ita ce uwa, ba a ba ta gurbi ba, gama an gina labarin kan maza uku da ke jan yaron, watau uba da baffa da malami.

7. Kammalawa

Ɗalibin adabin Hausa zai so ya kwatanta wannan jarumi da Gizo na tatsuniya, amma kamar a suna ta tsaya. Gizo mai wayo ne mai son kansa, kuma yadda ya shiga tatsuniya haka ya ke fita, ba ya koyon kome. Kamar da ta fi ƙarfi tana wajen mabuɗi. Yaron da ya ji "Ga ta nan, ga ta nanku" ya san abin da zai biyo baya, wannan sani kuwa shi ke sa ya kasa kunne ya ji inda gwaggo za ta bambanta da daren jiya. Haka marubutan wannan fim suka yi da tarihin da aka shekara 56 ana ji. Sun maimaita shi sau shida a bakin waɗansu, suka hana tauraronsu shi, har ɗan kallo ya ƙosa ya ji na bakwai. Mai nazarin da ya ga sananniyar ƙira a labari, na Hausa ne ko na waje, ya kamata kafin ya yanke hukunci ya ƙirga gurabunta, ya duba wanne aka cika, wanne aka jinkirta, wanne kuma aka ƙara.